Kalma ɗaya da ta jawo min takardar tuhuma

Juma'ar nan na miƙa makullin durowata bayan shekara shida ina fassara a ɗakin labarai, kuma duk wanda ya tambaye ni me na koya, wallahi kalmar pierce ce take fara faɗo min a rai.

Ana gobe 28 ga Yuli ne, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, aka kawo sanarwa da Turanci saura minti ashirin a shiga studiyo. A ciki an ce ana ɗaukar ciwon hanta nau'in B ta kayan piercing da ba a tafasa ba, ni kuma abin da na haddace tun sakandare shi ne pierce sokewa ne, sai na rubuta "ta hanyar suka da wuƙa ko makami". Haka aka karanta sau uku. Alhali hujin kunne da na hanci ake nufi, wato iyaye mata masu kai jarirai a huda musu kunne da allura ɗaya su ne ake so su ji, ni kuma na mayar da maganar ta 'yan daba.

Oga ya karanta takardar nan, ya sa hannu da jan bironsa, ina tsaye. Amma da masu sanarwar suka bugo waya, a gaban kowa har da yara 'yan bautar ƙasa ya ɗaga ta yana cewa wai ina na yi karatu. Na ce ranka ya daɗe ai ka duba kafin ta wuce, ya ce in rufe masa baki. Ni kaɗai aka ba takardar tuhuma, sa hannunsa kuwa har yau ba wanda ya tayar da zancen.

Haushi ne ya sa daren nan na zauna na bi kalmar har gidansu. Ashe ma ba 'yar asalin Ingila ba ce, daga tsohon Faransanci ta zo, percer, ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, cikin tarin kalmomin da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Masana suna danganta ta da Latin pertundere, per wato ta ciki har waje, tundere kuma duka ko daka. Kenan a bugi abu har ya ɓulle ta ɗaya gefen. Da na gane haka sai komai ya zauna min, don ba wuƙar ce maganar ba, ratsawar ce. Shi ya sa Bature zai ce sanyi piercing, mu mu ce mai ratsa ƙashi, ihu piercing shi ne mai huda dodon kunne, ido kuma kallo mai kaifi, harsashi ya ɓula sulke duk ita ce dai. Kalma ɗaya tasu, mu muna da huda, soka, caka, ɓula, tsire, ratsa, kowacce da wurinta, kuma ni ɗan Hausa na zaɓi wadda ba ita ba, wannan ya fi min ciwo fiye da ihun oga. Makamanciyarta a ma'ana, puncture, ita ma daga Latin take, pungere, caka ɗan tsini, mu kuwa taya ta sace sai mu ce ta yi faci, alhali faci daga patch, sunan gyaran a Turanci, muka aro shi.

Sauran darussan ba su da yawa. Karanta jimla har ƙarshe kafin ka taɓa biro. Duk takardar da babba ya sa wa hannu ka ɗauki hotonta a waya.

Wanda zai gaje ni na bar masa kujerar da fankar da ba ta juyawa. Ƙamus ɗin dai na tafi da abina, da kuɗina na saya.