Jif mai caji da fetur: lissafin da na yi bayan na riƙe ta a Abuja

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin kowane magidanci mai mota ya sauya. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja. Ina zaune a Kubwa, ina aiki a tsakiyar birni, ga kai yara makaranta, ga cefane, don haka na sayar da tsohuwar jif ɗina na sayi Toyota RAV4 Prime ƙirar 2021, ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Tana da injin fetur mai lita 2.5 da kuma babban batir da ake yi wa caji daga soket, wanda a ƙiyasin hukumomin Amurka yake kai ta kilomita 68 kafin inji ya tashi.

Aikin farko bai shafi tuƙi ba, ya shafi bangon gidana ne. Wayar cajin da ke zuwa da motocin Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, alhali tamu 230 ce, saboda haka sai da na sayi wata wadda ta dace. Mai gyaran wutar da na kira ya duba soket ɗin farfajiya ya ce, "Yallaɓai, wannan siririyar waya ba za ta ɗauki irin wannan jan wuta na awa huɗu ko biyar ba, zafi za ta yi ta narke." Ya jawo mai kauri kai tsaye daga allon rarraba wuta, ya kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa, domin na'urar caji takan ƙi aiki sam idan ba ta sami wannan kariya ba. Wannan kuɗi ne da ba ya cikin farashin mota, amma babu yadda za a kauce masa.

Lissafin kuɗin shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya. Cika batirin yana cin kusan yunit 16 a mitata. A rukunin Band A, wato na masu samun wutar lantarki mafi yawan awanni a rana, inda aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya dawo wajen 209, wannan ya kama naira dubu uku da 'yan kai, kuma yana kai ni kilomita 55 zuwa 60 da na'urar sanyaya mota a kunne. Idan na yi wannan tafiya da fetur a wannan motar, kusan lita huɗu za ta sha, wato wajen naira dubu huɗu a farashin Oktoban 2024, domin ko batirin ya yi ƙasa ba ta da shan mai. Ke nan ratar da ke tsakanin wutar Band A da fetur ba ta kai yadda masu tallar mota suke kururutawa ba. Babbar rata tana tsakaninta da tsohuwar jif ɗina, wadda take shan kusan ninki biyu. Caji da janareta kuwa asara ce tsagwaronta, domin fetur ɗin da janareta zai ƙona ya fi wanda injin motar zai sha a wannan tazara.

Riba ta gaske ta fito ne lokacin da na ƙara farantan sola a rufin gida. A ranakun Asabar da Lahadi, da ranakun da uwargida ce ke riƙe da motar don zirga-zirgar unguwa, ana jona ta da rana tsaka bayan baturan gida sun cika, wutar da da ta tafi a banza ita ce ke shiga motar. Sharaɗi dai shi ne inbata ta iya ɗaukar sama da kilowat uku ban da kayan gida, abin da ƙananan inbatoci ba sa iyawa.

A kan titi, abin da na fi ji a jikina shi ne cunkoson yamma a hanyar Kubwa. Motar tana tsaye shiru, sanyi yana fitowa, inji a kashe, yara suna barci a baya. Lokutan da dogayen layuka suka dawo gidajen mai, mun yi makonni muna wucewa ba mu tsaya ba.

Tafiyar Jos, inda iyayena suke, daban ce. Kafin mu kai Keffi cajin ya ƙare, daga nan har Akwanga da gaba fetur ne ke aiki, kuma ba na neman wurin caji a hanya. A dawowa, gangaren Hawan Kibo yana mayar wa batirin wani abu, domin duk lokacin da na ɗaga ƙafa ko na taɓa birki, motar tana juya saukar zuwa wuta, ina kallon ma'aunin yana hawa. Nauyinta dai ya kusa tan biyu, kuma batirin a ƙarƙashin daɓenta yake, don haka ina bin ramuka da tudun rage gudu a hankali, ba na kuma kutsa ta cikin ruwan da ya taru a titi da damina.

Gyara yana bukatar taka tsantsan. Canjin baƙin mai, taya da birki kowane ƙwararren bakanike a Apo zai yi, kuma ina canja man bisa watanni ko da injin bai yi aiki sosai ba. Amma wayoyin babban batirin, masu launin ruwan lemo, suna ɗauke da wuta mai kisa, ba na bari kowa ya taɓa su sai wanda ya koyi aikin kuma yake da kwamfutar bincike. Da ita ce ma aka auna mini lafiyar batirin kafin na biya kuɗi, kuma ba na ba kowa shawarar sayen ta hannu ba tare da wannan gwaji ba.

Wani abokin aikina da ke haya a bene, yana ajiye mota a bakin titi, ya nemi shawarata. Na ce masa ya sayi mota mai haɗa inji da ƙaramin batiri wadda ba a jona ta a soket, wadda take cajin kanta da tafiya, domin ƙarin kuɗin babban batirin da ba zai sami inda zai cika shi ba ya fi amfani a aljihunsa.