Saita Madubin Bindigar Farauta a Mita 50

Kafin ka taɓa maɓallan saiti, duba sukurorin da ke riƙe da madubin. Sukuru ɗaya ya yi sako-sako, harsasai za su warwatsu, ka yi ta murɗawa a banza.

Ɗora bindigar a kan buhun yashi, bayan takardar gwajin kuma akwai tudun ƙasa mai tare harsashi. Fara daga mita 25, ka harba uku, ka auna daga tsakiyarsu zuwa inda ka nufa. Kada ka bi harbi ɗaya.

A lissafin nan ake yawan kuskure. Madubi mai ¼ MOA (MOA ma'aunin kusurwa ne na saiti), kowane ƙas ɗaya da maɓallin saiti ya yi in ka murɗa shi yana matsar da harsashi wajen milimita 7 a mita 100, amma a mita 50 rabin haka ne. Gocewar santimita 4 ke nan tana cin ƙas 11 a mita 50, 22 a mita 25.

Sai ka koma mita 50 ka ƙarasa, kana barin bututun ya huce tsakanin harbi. Kuncinka ya zauna wuri ɗaya, don yawancin madubai an daidaita su ne don nesa. Ido ya goce, saiti ya goce. Dabba kusa sosai, harsashi zai sauka ƙasa kaɗan, tunda madubin yana saman bututu. Ka sake irin harsashi, sake gwaji.