Notin kuloci ba ya son ƙarfin damtse

Tsohuwar Hilux ce mai injin dizal 5L, aikinta jigilar buhunan masara daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Direban ya ce in ya taka totur a cikin yashi sai inji ya yi ta ihu, mota kuwa tana tsaye, ga ƙauri. Faifan kuloci ya cinye ke nan. Muka sauke giyabos, muka sayo sabon faifai da murfinsa.

Wurin mayarwa ne yaron da ke koyon aiki a hannuna ya zura doguwar sifana, zai murɗe notin murfin na farko har ƙarshe. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Oga, motar daji ce fa, in ba a matse sosai ba gargada za ta kwance shi." Haka yawancin yara ke tunani, har da wasu manyan.

Murfin nan akwai sifirin mai faɗi a cikinsa, mai yatsu a zagaye, shi ke danne faifai a jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji. Tun noti bai zauna ba sifirin ya fara turjewa. Ka matse gefe ɗaya ka bar sauran, murfin zai karkace, yatsun su tsaya wani sama wani ƙasa. Ba za ka gani ba a ranar. Sai mota ta fara karkarwa wajen tashi, ko giya ta riƙa gardama, a ce ai kayan ne jabu.

Ga yadda muka yi. Na wanke notukan shida da fetur, na goge zarensu da burushin waya, na bar su suka bushe, domin noti mai maiƙo yakan zarce awonsa ba ka sani ba. Na soka tsohon sandan giyabos a tsakiyar faifai don ya tsaya daidai, na zaunar da murfi a kan 'yan ƙusoshin da ke jikin fulawil. Kowane noti da yatsa na fara ɗaura shi. Daga nan sai kaɗan-kaɗan, wannan sannan mai fuskantarsa a ɗaya gefen, kamar ɗaurin taya, ana zagayawa har murfin ya kwanta lif. Sai a ƙarshe na ɗauko sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in ta kai.

Littafin Toyota ya ba waɗannan notuka 19 N·m kacal, wato awon ƙarfin murɗa noti. Da yaron ya ji ƙas ɗin sai ya dube ni, wai shi ke nan? Shi ke nan. Kan notin na sifana lamba 12 ne, ba ya ɗaukar fiye da haka. Ka ƙara, ya miƙe ko ya karye a cikin fulawil, kuma fitar da guntun aikin yini ne. Na fulawil su ne masu son ƙarfi, sama da 100 N·m, kuma ban taɓa yarda a ɗaura su da ƙiyasi ba.

Kafin mu ɗaga giyabos na duba yatsun sifirin. Bambancin tsayinsu kada ya wuce rabin milimita, namu bai kai ba. Giris ɗan kaɗan na shafa a haƙoran sandan giyabos ɗin motar, don in ya yi yawa yakan fantsama kan faifai. Da yamma direban ya yi mata lodi, ya tayar da ita a hawan bayan gareji, ta tashi sumul.