Koral ɗin da ke jiran piyano ba ta iya waƙa ba tukuna

Duk mai jagorantar koral, wato ƙungiyar mawaƙa, ta ɗalibai a nan Maradi ya san wahalar aikin: ka horar da tenor, wato namiji mai siririyar murya, ya karɓi lisans a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ya wuce Yamai, ka koma farko. Albashi babu. Mai son ilimin kiɗa sosai ma sai ya nufi cibiyar Elhaji Taya can Yamai. Duk wannan na saba da shi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wani ɗaurin aure a majami'armu, cikin zafin Afirilu. Muna tsakiyar waƙa mai murya huɗu (soprano da alto na mata, tenor da bas na maza) wuta ta ɗauke, piyano ya yi shiru. Soprano suka ci gaba, tunda su ke riƙe da karin. Amma alto da bas, ashe ba juna suke saurara ba, hannun mai piyano suke bi. Kafin baiti ya ƙare sun sauka rabin ton, wato muryarsu ta ɗan yi ƙasa da inda ya kamata, tenor suna lalube a tsakiya. Ina kaɗa hannu, gumi na zuba, ba mai kallona.

Wata dattijuwa ƴar zumuntar mata ce ta tashi daga cikin jama'a, ta ɗaga waƙar da muryarta, matan suka karɓa da amshi, tulu da caki suka shiga. Bayan an tashi ta ce mini: "Malam, yaranka suna da murya, kunne ne ba su buɗe ba." Na ce: "Gaskiya ne, Inna."

Tun ranar, rabin kowace bita ba piyano. Na sayi diyapazon, ɗan ƙarfen nan mai ba da sautin La na do-re-mi, girgiza 440 a daƙiƙa, ba ruwansa da wuta. In buga, kowace murya ta nemo sautinta daga nan. Ina kuma wargaza layi, in sa alto kusa da bas, soprano kusa da tenor, don kowa ya riƙe nasa yana jin na maƙwabcinsa. Da farko sun yi ta gunaguni. In waƙa ta ƙare sai in taɓa piyano sau ɗaya, su ji da kunnensu nawa suka sauka. Gajiya da ƙarancin numfashi ne ke jan murya ƙasa, musamman a ƙarshen dogon layi, don haka a tsaye muke bita, da ruwan sha kusa.

Har yanzu akwai masu ce mini batir ko janareto kawai za mu saya. A saya, ban hana ba. Amma bas ɗin da bai iya samo Do daga La da kansa ba, ba zan tsayar da shi gaban jama'a ba, ko da ɗan fasto ne.