Ramin Kathleen Kenyon a Yariko

Mahaifina mai haƙa rijiya ne. Tun ina yaro na saba ganinsa ya fito daga rami, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya ce wa mai gida, "Mun wuce jigawa, mun shiga marmara, ruwa ya kusa." Ban taɓa zaton zan tuna da shi a Ƙasa Mai Tsarki ba, sai ranar da ayarinmu na masu ziyara ya gangara Yariko.

Da sassafe muka bar Urushalima. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma gangara ce tun daga farko har ƙarshe, kunnuwa na toshewa, tsaunuka ƙuru-ƙuru babu ko ciyawa. A gefen hanya akwai alamar da ke nuna an zo daidai da fuskar teku, daga nan kuma mota ta ci gaba da sauka, domin Yariko tana ƙasa da teku da kamar mita 250. Sanyin Urushalima ya kau, zafi ya tarye mu irin na Sakkwato a bazara. Sai ga dabino, ga ayaba, ga lambuna kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya. Mun tsaya a itacen da ake dangantawa da Zakka, mutumin da Linjila ta ce ya hau itace don ya ga Yesu, muka yi addu'a, muka wuce maɓuɓɓugar annabi Elisha, wadda Larabawan wurin ke kira Ain Sultan. Ruwanta ne ya sa mutane suka zauna nan tun fil azal.

Tsallaken titi ne tudun tsohuwar Yariko yake, Tell es-Sultan. Wanda ya zo da hoton ganuwar Yariko a ransa, wadda Littafin Joshuwa ya ce ta rushe a gaban Isra'ilawa, zai yi sanyin gwiwa, don tsibin ƙasa ne kawai, kamar kufan tsohon gari. Wata dattijuwa cikin ayarinmu ta tambayi ɗan jagoranmu, Bafalasɗine ne, ta ce, "Ɗana, ina ganuwar da ta faɗi?" Ya ce, "Mama, zo ki ga ramin wata mata tukuna."

Ramin dogo ne, mai zurfi, an yanka tudun kamar yadda ake yanka alkaki. A ƙasansa wata hasumiyar dutse take tsaye, tsawonta ya haura mita 8, a cikinta akwai matakala 22. An gina ta wajen shekara 8,000 kafin haihuwar Almasihu, tun mutane ba su san tukunyar ƙasa ba. Amma ni bangon ramin ne ya ɗauke mini hankali. Layi-layi yake: toka, jar ƙasa, daɓen ɗaki, rushasshen tubali, wani daɓen kuma a kansa. Nan take na ga hannun mahaifina yana murza ƙasa.

Matar da ta haƙa shi ita ce Kathleen Kenyon, haifaffiyar Landan a 1906. Mahaifinta, Frederic Kenyon, shi ne shugaban babban gidan tarihin Birtaniya, masani kuma kan tsofaffin rubuce-rubucen Littafi Mai Tsarki. Ta karanta tarihi a Oxford. Abin da ya faranta mini rai shi ne a Afirka ta fara aikin tono, a 1929, a kufan Great Zimbabwe, ƙarƙashin Gertrude Caton-Thompson, wadda ta tabbatar wa Turawa cewa baƙaƙen fata ne suka gina wannan birni na dutse, a lokacin da da yawansu ba sa son jin haka. Yarinya mai shekara 23 ta ga uwar ɗakinta ta faɗi abin da ƙasa ta nuna ba tare da shakkar kowa ba. Daga nan ta koyi aiki wurin masanin tono Mortimer Wheeler a Ingila, ta yi tono a Samariya, sannan ta zo Yariko a 1952 ta yi aiki har 1958, lokacin garin yana hannun Jodan.

Dabararta ba mai wuyar fahimta ba ce ga ɗan mai rijiya. Ba a bin bango ana tone shi a kwashe ƙasar gefensa a zubar. Ana haƙa ramuka masu kusurwa huɗu, a bar katangar ƙasa tsakaninsu, domin a riƙa karanta layukan. Duk tsingaron da aka samu a rubuta layin da ya fito, don da tsingaro ake gane zamani. Aikin haƙuri ne. A haka ne a 1953 ma'aikatanta suka ci karo da ƙoƙunan kawunan mutane da aka shafe da farar ƙasa aka siffanta musu fuska, aka sa musu ɓawon dodon-koɗin teku a gurbin idanu.

To, ga inda maganar ta yi nauyi. Kafin ita, wani Bature mai suna John Garstang ya yi tono a nan daga 1930 zuwa 1936, ya ce ya gano ganuwar da ta rushe a zamanin Joshuwa, wajen shekara ta 1400 kafin Almasihu. Duniyar Kirista ta yi murna. Da Kenyon ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce ganuwar nan ta girmi zamanin Joshuwa da ɗaruruwan shekaru, birnin da Garstang ya tarar a ƙone kuwa an ƙone shi ne wajen 1550 kafin Almasihu, kuma a lokacin da ake lissafin zuwan Isra'ilawa ba ta ga alamar birni mai ganuwa ba. Ba ta ɓoye ba, ba ta sassauta ba. A 1990 wani masani ɗan Amurka, Bryant Wood, ya ƙalubalanci lissafinta, amma galibin masana har yau suna tare da ita.

Ayarinmu ya yi tsit. Dattijuwar ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, wannan ba saɓo ba ne?" Na ce, "Mama, ni ban ga saɓo ba. Mahaifina in ya tarar babu ruwa a wuri, yakan faɗa wa mai gida, ko da kuwa an riga an biya shi rabin kuɗi. Shi ya sa in ya ce akwai ruwa, ake yarda." Maganar Kenyon ta dame ni, ba zan ce ba ta dame ni ba, don da sura ta shida ta Littafin Joshuwa aka rene ni. Amma na fi girmama wadda ta gaya mini abin da ta gani a kan wanda zai nuna mini kowane dutse ya ce na Joshuwa ne don in ji daɗi.

Bayan Yariko ta yi tono a Urushalima daga 1961 zuwa 1967, ta shugabanci kwalejin St Hugh's ta Oxford, ta rasu a 1978. Cibiyar binciken Birtaniya da ke unguwar Sheikh Jarrah yanzu sunanta take ɗauke da shi, tudun kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

Sauran suka tafi hawa keken igiya zuwa Dutsen Gwaji, inda aka ce Shaiɗan ya gwada Yesu. Ni da dattijuwar muka zauna a bakin ramin. Ta daɗe tana kallon hasumiyar, sannan ta buɗe jaka ta ɗauko Littafinta, ta miƙo mini ta ce idanunta sun gaji, in karanta mata surar. Na karanta tun daga ayar farko har ƙarshe, tana gyaɗa kai, har direba ya danna mana ham.