Ban Gajiya da Godiya Bayan Jana'izar Babanmu

A madadin mahaifiyarmu, da ƙannena, da jikoki, da sauran dangi na nan Kano da na ƙauye, nake rubuta wannan saƙo domin in gode wa duk wanda ya tsaya mana tun daga ranar da Baba ya kwanta jinya har zuwa ranar da muka kai shi makwancinsa. Yau kwana goma sha biyu ke nan da ya yi barci cikin Ubangiji yana da shekara 81, bayan ya yi wata goma sha huɗu yana fama da shanyewar ɓarin jiki. Niyyata ita ce in bi gida-gida in yi ban gajiya kamar yadda aka saba, amma da na buɗe littafin da masu zuwa gaisuwa suka rubuta sunayensu, sai na ga ko wata uku zan yi ina yawo ba zan gama ba, balle waɗanda suka zo suka tafi ba su taɓa biro ba. Don haka a karɓi wannan a matsayin ban gajiya, wanda kuma bai ji an ambace shi ba ya yi mana aikin gafara, ba raini ba ne.

Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi, musamman wata malamar jinya da ta zaunar da mu tun makon farko ta koya mana yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi masa gyambo, da yadda ake ba shi kunu a zaune a hankali don kada ya shaƙe. Matasan ikilisiya su ne suka raba wannan aiki a tsakaninsu, kowa da darensa, har Baba ya cika babu ko ƙurji a bayansa. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo ya san abin da wannan magana take nufi. Iyayenmu na Zumuntar Mata kuwa ban san ta inda zan fara ba, domin tun ranar rasuwa Mama ba ta ɗora tukunya ba, kuma babu baƙon da ya kwana da yunwa a gidan nan. Baba Fasto da dattawan ikilisiya da mawaƙa, Ubangiji ya sāka muku da alheri, ya mayar muku da abin da kuka kashe ninkin ba ninkin.

Ga maƙwabtanmu Musulmi na unguwar Gama, wajibi ne in tsaya in yi magana sosai. Daren da ciwon ya buge Baba, wajen ƙarfe biyu, wani ɗan Adaidaita Sahu na layinmu ne ya fito da kekensa ya kai mu asibiti, ya zauna tare da mu har asuba, da na miƙa masa kuɗi kuma sai ya ɓata rai ya ce, "Haba Yaya, Baban naku ne ku kaɗai?" Alhaji da muke katanga ɗaya da shi ya buɗe mana zaurensa da tsakar gidansa na kwana bakwai, Hajiya ta fito da tabarmi da butoci da manyan tukwanenta. Mai unguwa, ranka ya daɗe, mun ga yadda ka sa aka tsare mana layi ranar da aka yi sujadar waƙoƙi, Allah ya ƙara girma. Limamin masallacin unguwa ma ya zo da kansa ya yi mana ya haƙuri, ya zauna ya daɗe, har zance ya kai mu ga ƙarshen zamani, ya ce su ma suna sauraron saukowar Annabi Isa. Na ce masa haka ne, Malam, sai dai mu wanda muke jira shi ne wanda aka gicciye ya mutu ya tashi a rana ta uku, zai kuma dawo ya yi wa masu rai da matattu shari'a, kamar yadda ikilisiya take furtawa tun taron Nikiya na shekarar 325. Ya faɗi nasa, na faɗi nawa, kowa ya san inda muka rabu, kuma da zai tafi sai da ya leƙa ya sake yi wa Mama gaisuwa. Shekara arba'in da wani abu Baba ya yi yana zaune da mutanen nan a haka.

Mutane da yawa sun tambaye ni dalilin da ya sa aka ɗora damin gero a kan akwatin gawa maimakon furanni, wasu ma na ga alamar abin ya ɗaure musu kai. Wasiyyarsa ce. Baba manomi ne ɗan manomi daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila, aikin masaƙa ne ya kawo shi Bompai yana saurayi, amma zuciyarsa ba ta taɓa barin gona ba. Wanda ya tashi a karkara ya san shukar da ake kira binne, wato manomi ya fita a ƙarshen bazara, ƙasa a bushe ƙamas tana ƙona tafin ƙafa, ya sari rami ya zuba iri ya rufe, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Mai wucewa zai ce an yi asarar hatsi, shi kuwa mai gona ya san abin da yake jira. Tun ranar da aka rufe yayansa, shekaru da yawa da suka wuce, Baba ya ce mana a bakin kabari, "Ku dubi Hausa da kyau, kalma ɗaya ce. Ranar da kuka binne ni, binne kuka yi, sai ku koma gida ku jira ruwa." Ya sha maimaita wannan magana har muka riƙa yi masa dariya, muna cewa Baba ya fara wa'azin geronsa. Ranar Asabar ɗin nan da muka haye gadar Wudil da shi, muka tarar gonakin ƙauye duk an sassare su an rufe iri ana duban gabas, babu wanda ya yi dariya a cikinmu.

Ba daga kansa ya ƙago wannan ba. A kan 1 Korantiyawa sura 15 Baba Fasto ya yi wa'azin jana'iza, inda manzo Bulus yake cewa abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu tukuna, kuma ƙwayar da aka zuba a rami ba ita ce kamannin tsiron da zai fito ba: ana shuka jiki cikin ruɓa a tashe shi marar ruɓa, ana shuka shi da rauni a tashe shi da ƙarfi. Yakubu ma, a sura 5 aya 7 da 8, manomi ya kawo misali da shi, mai haƙurin jiran ruwan fari da na ƙarshe, ya ce mu yi haƙuri haka nan har zuwan Ubangiji. Ni dai maganar rauni da ƙarfi ce ta fi taɓa ni, domin ni ne nake wanke hannun daman nan da ya shanye ya lanƙwashe, hannun da ya riƙe fartanya fiye da shekara sittin. Bangaskiyarmu ba ta ce Allah zai yar da wannan hannu ya ajiye kurwa kawai ba. Almasihu da ya tashi ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gaban almajiransa, kuma an alkawarta mana a Filibiyawa 3:21 cewa zai sāke jikin nan namu na ƙasƙanci ya zama kamar nasa mai ɗaukaka.

Ciwon ya kama masa harshe, kalma biyu ko uku kawai yake iya haɗawa, amma in aka ɗauko waƙar sujada sai ka ji ya bi ta baiti-baiti ba gargada. Da fari mun ɗauka mu'ujiza ce, sai likita ya ce ana yawan ganin haka ga masu wannan ciwo, domin waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Bayanin bai rage mana godiya ga Allah ba ko kaɗan. Mawaƙan da suka riƙa zuwa kowace Lahadi da yamma suna waƙa da shi, ku sani ku ne kuka ba mu damar jin muryarsa har makon ƙarshe.

Akwai kuma abokan lambunsa, waɗanda suka zo su kusan ashirin, suka haɗa kuɗi a leda suka ba Mama. Bayan masaƙa ta rufe, Baba ya koma noman rani a bakin rafin Jakara, yana shuka latas da alayyafo da karas. Mutumin Kano ba ya bukatar a gaya masa halin da ruwan nan yake ciki: ya kwaso dattin kwatocin birni da na Sabon Gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ya gangara madatsar Wasai a Minjibir, wani lokaci baƙi wuluk, wani lokaci da kumfa, ga wari. Abin yana damun Baba ƙwarai, har ya haƙa rijiya a gefen lambunsa da kuɗin sallamarsa don ya rage amfani da ruwan rafin. In ya dawo gida ransa a ɓace sai ya buɗe Romawa sura 8, wurin da aka ce dukan halitta tana nishi kamar mace mai naƙuda tana jiran a 'yantar da ita daga bautar ruɓa, ya ce, "Yau na ji nishin Jakara da kunnena." Daga nan sai ya juya can ƙarshen littafi, wanda shi har ya mutu Ru'ya ta Yohanna yake ce masa, domin da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ya koyi karatu, mu kuwa Wahayin Yahaya muka tashi da shi. Yana son sura 21, inda aka ga sabuwar sama da sabuwar ƙasa, birni mai tsarki yana saukowa wurin mutane, Allah ya zauna tare da su ya share musu hawaye, amma ya fi son farkon sura 22, mai kogin ruwan rai garau, da itacen da yake ba da 'ya'ya kowane wata, ganyensa kuma magani ne ga al'ummai. Yakan ce duk wanda ya rubuta wannan ya san darajar lambu. A fahimtarsa, birnin ne zai sauko, saboda haka ƙasar nan da muke takawa tana da rabo a cikin alkawarin, kuma wanda yake jiran a sabunta ta bai kamata a same shi yana zuba mata shara ba. Ni malamin makaranta ne, ba mai ilimin tauhidi ba, amma ban taɓa samun inda zan kama shi da kuskure a nan ba.

Wani bawan Allah ya zo gaisuwa ya yi ta lissafa mana yaƙe-yaƙe da tsadar abinci, yana cewa ya ƙirga ya gano saura shekara kaza duniya ta tashi. Mun gode da zuwansa, kuma na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, sai dai da Baba yana nan da ya tare shi. Ya ga irin wannan a shekarar 2000, ya kuma gani a 2011, lokacin da wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu, mutane suka kashe dukiyarsu wajen yayata ta, ranar ta zo ta wuce. Amsar Baba kullum ita ce Markus 13:32, cewa ranar nan ko sa'ar ba wanda ya sani sai Uba, ya ƙara da cewa manomi yana ganin hadari ya san damina ta kusa, amma bai taɓa jin wanda ya sa wa ruwan fari rana ba. A watan Mayun nan na 2011 ma dashen mangwaro yake yi.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ba mu yi kuka ba. Mun yi, muna kuma yi. Mama har yanzu takan zuba kunu a kofinsa da safe kafin ta tuna, ƙaramin jikansa kuma ya tambaye ni ko in an yi ruwa Kaka zai tsiro, na rasa abin da zan ce masa sai na rungume shi. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta ga ina ɓoye hawaye a bayan rumfa, ta ce, "Ɗana, yi kukanka. Ba a ce kada mu yi baƙin ciki ba, an ce kada mu yi irin na waɗanda ba su da bege." Tana nufin 1 Tasalonikawa 4:13, wasiƙar da Bulus ya rubuta wa ikilisiyar da 'yan'uwanta suka fara mutuwa tun Ubangiji bai dawo ba, suna fargabar ko waɗannan sun yi asara, ya tabbatar musu cewa matattu cikin Almasihu ne ma za su fara tashi. Ta tuna mini kuma cewa Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Mama ta Zumuntar Mata, na gode, a cikin duk maganganun da aka yi mini a makon nan taki ce ta sa na iya barci.

Baffanmu da mutanen ƙauye, Kirista da Musulmi, waɗanda suka haƙa kabari a ƙasa mai tauri cikin zafin nan, suka kuma yi gayya suka binne gero a gonar Baba washegari don kada ta kwana a banza bana, Allah ya ba ku damina mai albarka. Direbobin da suka kai mu suka dawo da mu lafiya, da waɗanda suka yi tattaki daga Zariya da Jos da Malumfashi, da waɗanda suka kira ko suka aiko da saƙo ta Facebook da WhatsApp ban samu amsawa ba, duk mun gani, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Za a yi sujadar godiya ta iyali ranar Lahadi mai zuwa a majami'armu, a sujadar Hausa ta safe, muna gayyatar kowa. Akwai kuloli da kwanuka da kujeru da yawa a gida waɗanda ba mu san masu su ba, don Allah a turo yara su duba. Sannan Baba ya bar dashe arba'in da uku a leda a bayan ɗakinsa, mangwaro da gwaba da darbejiya, waɗanda jikoki suka ci gaba da yi wa ban ruwa tun da ya kwanta. Mama ta ce a raba su kyauta ga duk mai wurin dasawa, sharaɗinta ɗaya ne, wanda ya ɗauka ya kewaye shi saboda awaki, ya kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma har damina ta zauna.