Yadda nake tsirar da irin burokoli a gida, da inda nake taka-tsantsan

Abin da ya ja hankalina ga burokoli, wani kayan lambu ɗan'uwan kabeji, wani sinadari ne mai suna sulforafen. Paul Talalay da Yuesheng Zhang na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne suka ware shi daga burokoli a 1992. A 1997 kuma Talalay da Jed Fahey suka nuna cewa tsiro ɗan kwana 3 yana ɗauke da tushen sinadarin ninki 10 zuwa 100 na abin da ke cikin burokolin da ya ƙosa. Burokolin da ake kawowa daga Jos yana da tsada, ba kullum ake samunsa ba, shi ya sa na koma ga iri.

Aikin ba shi da wuya. Ina jiƙa cokali biyu na iri a kwalba mai faɗin baki ya kwana, da safe in tsiyaye ruwan, in ɗaure bakin da ƙyallen tata mai tsabta, in kifa ta a karkace. Safe da yamma ina ɗauraye shi da ruwan sha, cikin 'yan kwanaki sai kwalbar ta cika. Akwai wani farin gashi da ke fitowa a jikin saiwar, mai kama da funfuna. Saiwa ce, da an zuba ruwa sai ya kwanta. Funfuna ta gaske tana zuwa ne da wari da yauƙi, kuma duk kwalbar da ta yi haka zubarwa nake yi gaba ɗaya. Da hunturu tsiron yakan yi kyau, amma da bazara saurin lalacewa yake, har na daina yi a watannin zafi.

Babban abin da na fahimta shi ne, sulforafen ba ya nan a cikin ganyen tun farko. Abu biyu ne a ajiye daban-daban, gilukorafanin, wato tushen sinadarin da na ambata, da wani enzayim (sinadarin da ke sarrafa wani sinadari) mai suna mairosines, kuma sai an yanka ko an tauna suke haɗuwa su samar da shi. Zafin wuta yana kashe enzayim ɗin. Ke nan wanda ya dafa kabeji ko burokoli har ya yi lugub ya yi asarar mafi yawan abin da yake nema. Yanzu nakan yanka in bar shi ya ɗan jima kafin ya ga wuta, in turara shi sama-sama, ko in barbaɗa garin mastad, wani iri mai yaji, bayan an sauke, don shi ma yana da enzayim ɗin. Zogalenmu ma yana da wani ɗan'uwan wannan sinadari, moringin, kuma Fahey ya yi aiki a kansa.

Game da amfani, na tsaya ne kan abin da aka gwada a jikin mutane. A Qidong ta ƙasar Sin, an gwada ruwan tsiron burokoli na mako 12 a kan mutum 291, aka ga benzin da jikinsu ke fitarwa ta fitsari ya ƙaru da kashi 61 cikin 100. Benzin guba ce da ake shaƙa daga gurɓatacciyar iska, kuma sulforafen yana zaburar da enzayim na jikin mutum da ke kawar da irinta. A Suwidin, binciken 2017 kan masu ciwon suga 97, inda aka gwada tataccen tsiron, ya nuna sugan ya ɗan sauka, musamman ga masu ƙiba da ciwonsu ya ƙi daidaita. A Japan an ga ƙwayar cutar da ke jawo gyambon ciki ta ragu lokacin da ake cin tsiron, da aka daina kuma ta dawo. Wannan duk alheri ne, amma bai kai a ce yana warkar da sankara ba, kuma raina yana ɓaci idan na ji masu tallar ƙwayoyin sulforafen suna faɗin haka ga marasa lafiya. Mahaifiyata tana da suga. Da ta tambaye ni ko za ta rage maganinta, na ce, "A'a Umma, wannan abinci ne, maganar magani sai likita."

Inda na fi tsoro shi ne tsabta. Ɗumi da laimar da iri ke so su ne kuma ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 tsiron hulba ya haddasa annobar ƙwayar cutar E. coli a Jamus, mutum sama da 50 suka mutu. Don haka ba na ba mai ciki, ƙananan yara ko tsoho ɗanyen tsiro, ita ma Umma turararre nake ba ta. Irin shuka da ake sayar wa manoma sau da yawa an shafa masa magani, za ka gan shi ja ko shuɗi, kuma bai dace da ci ba. Sai an nemi wanda aka tanada don tsiro.

A farko tsiron ya kumbura min ciki, sai na rage zuwa ɗan dunƙule a kan kwaɗon kabeji da ƙuli-ƙuli, ya zauna lafiya. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya sanar da likitansa, saboda bitamin K da ke cikin waɗannan ganyaye yana rage ƙarfin maganin. Mai maƙoƙo kuma kada ya yawaita cin su ɗanye, ya tabbata gishirin gidansa mai aidin ne.